Katifar da Maigidana Ya Ƙi Yi wa Riga

Ni dai ba zan kira sunan maigidana da bakina ba, ba haka aka rene ni ba. Amma duk wanda ya sauka daga tro-tro, motar hayarmu ta Accra, a Maamobi ya bi lungun masu walda zai ga sunan a jikin allo da jan fenti: Seidu Mai Katifa. Ni Baban Zelia nake ce masa. Shekara talatin da ɗaya muna tare, kuma in aka ce in faɗi halinsa a taƙaice, mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Ba ya ɗaga murya, ba ya faɗa da kowa, amma in ya ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna, don ba za ka ji wata kalma bayan wannan ba.

Aikinsa yankan katifa ne da ɗinka mata riga. Yana yin na manya, yana yin na amare, amma abin da aka san shi da shi daga Nima har New Town shi ne katifar jarirai. A nan ne kuma nake shigowa. Namiji ba ya shiga ɗakin mai jego, shi kuwa ya rantse ba zai yanka soso da awon baki ba. In uban yaro ya zo ya ce, "Ai gadon irin wanda kowa ke saya ne," sai ya yi murmushi ya miƙo mini tef. Ni ce ke jan mayafi in bi lunguna, in yi barka, in sha kunun jego, in auna gado ta ciki, tsawo da faɗi, in dawo masa da lamba. Gadajen da ake sayowa a shagunan kayan Turai na hannu kowanne da girmansa, wani daga Jamus, wani daga Italiya, da wuya ka ga biyu sun zo ɗaya. Bayan an kai katifar kuma sai in sake komawa in cusa yatsuna tsakaninta da katako. In yatsa biyu suka shige har suka samu wurin motsi, katifa ta dawo shago, ko da an riga an kafa rumfar suna.

Ba da wannan sana'a ya zo Accra ba. Daga wajen Walewale, can arewacin Ghana, ya taso yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya yi dako a Kasuwar Malam Atta, yana kwana a rumfar masu doya. Wata rana Alhaji Iddrisu, babban mai katifa na Nima a wancan zamani, ya ɗora masa buhun audugar rimi ya ce ya biyo shi gida. A hanya aka fara yayyafi. Sai ya cire rigarsa ya lulluɓe saman buhun, ya iso yana rawar sanyi, auduga kuwa a bushe. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa matarsa Hajiya Memunatu ta zuba masa tuwo. Daga wannan tuwon bai sake komawa kasuwa ba. A gidan ya koyi bugun auduga da cusa ta da riƙe basilla, a gidan ya ga zuwan soso da keken ɗinki mai wuta. Hajiya ce ta yi jinyarsa lokacin da shawara ta kwantar da shi wata biyu, ita ce kuma ta taka da ƙafarta zuwa gidanmu neman aurena, ta tsaya gaban babana ta ce ɗanta ne. Mma yake ce mata, kuma ba a baki kawai ba.

Da can shi ma irin kayan kowa yake ɗinkawa. Kun san yadda muke yi a Zongo, ranar suna gadon jariri shi ne abin kallo. Matashi huɗu ko biyar masu leshi, da wani dogon abu mai laushi da ake zagaye katakon gado da shi, da bargo mai gashi, da 'yar tsana a kowace kusurwa. Jaririn kansa sai an neme shi. Katifar kuma ba a cire mata leda, don a ga sabuwa ce, don kuma fitsari. Baban Zelia ya iya wannan ɗinki ƙwarai, in watan haihuwa ya kama mata har layi suke yi a gaban shago.

Shekara takwas da suka wuce 'yarmu Zelia ta gama karatun nas, aka tura ta wajen awon jarirai. Wata Asabar ta shigo shago ta tarar da shi yana cusa matashin jariri, ta ce, "Baba, wannan abin da kake yi, mu a wajen aiki kullum roƙon mata muke su fitar da shi daga gado." Ta yi masa bayani cewa jariri ba ya iya ɗaga kai ya kawar da fuska, kuma in hancinsa ya nutse cikin abu mai laushi ko kuka ba zai samu yi ba. Ya ce mata ya fara ɗinki tun ba a haife ta ba. Na ce a raina shi ke nan, magana ta mutu. Ashe ban gama sanin mijina ba. Ranar Laraba sai ga shi ya sa rigar Juma'a, ya tafi wajen awon, ya zauna kan benci a tsakiyar mata masu goyo, da gemunsa da furfurarsa, yana sauraron jawabin nas. Sau uku ya je. Matan unguwa suka yi ta tsokanata, wai in faɗa musu watan haihuwarsa su fara tara zannuwa. A dawowa ta uku ya sauke duk ƙananan matasan da ke rataye a shago, ya farke su, audugar ta koma cikin na manya.

Daga ranar abin da yake bayarwa ba shi da yawa. Katifa mai tauri daidai da gado, da zanen gado mai roba a gefe da ke kama ta tam. Leda da hannunsa yake yage ta kafin katifa ta bar shago, in kuma ana tsoron fitsari ya ɗinka mata ɗamammiyar riga da ba ta shan ruwa. Gidan sauro a ɗaure shi sama a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kada ya yi lilo kan fuskar yaro. Mata da yawa suka koma wajen wasu. Wata ta ce masa irin gadon da yake so sai a kurkuku. Ya ce mata, "Yoo, na ji," ya ci gaba da yankansa.

Abin da ya fi ba ni dariya, ba ya sayar da katifa ya manta da ita. Kowane yaro yana riƙe da shi a ka. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ya zura sufana a aljihu ya ce, "Yaron gidan mai shinkafa da wake ya kai wata biyar, ya kusa zama." Sai mu kama hanya. Ya tsaya a tsakar gida a fito masa da gado, ya sauke katakon ƙasa zuwa rami na gaba don kada yaro ya kama katakon gefe ya wuntsulo, ya ce a kwance kayan wasan da ke reto a sama tunda hannu ya fara kaiwa. In ya ji yaro ya fara juyi, ya ce a daina naɗe shi da zane kamar ƙullin dokunu a ganye. In ya fara miƙewa tsaye, a sauke gado zuwa ramin ƙarshe. Matashi kuwa sai an shekara biyu, kuma ranar da yaro ya ɗaga ƙafa zai haure, gado ya gama aikinsa, a sauko da katifa ƙasa. Babu wanda ya aike shi fa. Wasu gidajen shayi suke ba shi, wasu kuma in sun hango mu sai a leƙo a ce maigida ba ya nan.

To, bara, mako biyu bayan Babbar Sallah, matar Abdulmajeed autan Hajiya Memunatu ta haihu. Mubarika sunanta, yarinya mai kunya, haihuwar fari. Namiji aka samu ranar Talata. Alhaji Iddrisu ya rasu shekara tara ke nan, kuma kowa ya san sunansa za a mayar. Ranar Alhamis da hantsi sai ga Abdulmajeed da ƙunshi a bayan babur. Ya sauke a bakin shago, ya ce Mma ta ce a yi mata sabuwar riga kafin Talata, kamar yadda aka saba.

Na gane katifar tun kafin a kwance ta. Alhaji ne ya yi ta da hannunsa lokacin da aka haifi jikansa na fari, shekara ashirin da takwas da suka wuce, da audugar rimi da ya tsince da kansa. Duk jikan da aka haifa a gidan a kanta ya fara kwana. In haihuwa ta zo sai a sauko da ita daga saman kabad, a kawo wa Baban Zelia ya sake mata riga, a shimfiɗa. Haihuwar ƙarshe a gidan an yi ta ne tun kafin Zelia ta gama karatu, shi ya sa wannan magana ba ta taɓa tasowa ba.

Ya shimfiɗa ta kan tebur, ya danna da tafin hannu, ya ɗaga. Sawun hannunsa ya zauna, bai tashi ba. Dama akwai rami a tsakiya, wurin da jarirai suka kwanta shekara da shekaru. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini tef ba tare da ya dube ni ba. Na tafi Nima. Gadon sabo ne a gidan, Abdulmajeed ya sayo shi a New Town, fari mai kyau. Na auna sau biyu don kada a ce ni ce na yi kuskure. Katifar Alhaji ta gaza da yatsa huɗu a tsawo, uku a faɗi. Mubarika ta ce mini a hankali, "Anti, Mma ya ce za a cika wurin da zannuwa." Na ce mata ta sha kununta kada ya huce.

Da la'asar muka koma tare. Hajiya na zaune a tsakar gida kan kujerarta da carbi a hannu, mata sun zagaye faranti suna tsintar waken suna. Baban Zelia ya cire takalmi ya durƙusa, mutum mai shekara hamsin da bakwai, ya gaishe ta har sau uku kafin ya fara.

"Mma, katifan nan, ba zan iya yi masa riga ba."

Hajiya asalinsu Katsinawa ne, Hausarta ba irin tasa ta Zongo ba ce, kuma in ranta ya ɓaci sai ta ƙara gyara ta. Ta ce, "Yadi ne ya ƙare a Accra, ko hannunka ne ya mutu?"

"Ya yi laushi paa, Mma. Akwai rami. Kuma bai cika gadon ba. In yaro ya sa fuska ciki, ba zai iya fitarwa ba. Zan yanka sabo mai ƙarfi, gobe-goben nan."

"Wa ya yi katifar?"

"Alhaji."

"Wa ya koya maka riƙe basilla?"

"Alhaji."

"To yau kai ne za ka gyara masa aiki? Jikoki goma sha ɗaya suka kwanta a kan abin nan. Ga su nan, wani na tuƙa mota a Kumasi, wata na jami'a. Wanne ka ga ya nakasa? Yaron da zai ɗauki sunan mai ita ne za ka ce a ɗora shi kan abu kamar katako, sai ka ce ba shi da kowa?"

Matan suka daina tsintar wake. Ni kuwa kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ya ce, "Mma, ki yi haƙuri. Komai kika sa ni zan yi. Wannan ɗaya ne ba zan yi ba koraa."

Ta ce ya mayar mata da kayanta, akwai masu ɗinki a unguwar Madina da ba su yi digiri a wajen awo ba. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa zaton zan ji daga bakinta ba. "Ranar Talata kada ka wahalar da kanka, Seidu. Tunda ka fi ƙarfin katifar Alhaji, ka fi ƙarfin tuwon gidansa."

Washegari ya yanka sabuwar katifa duk da haka, daidai da awona, ya ɗinka mata fararen zannuwa biyu. Ya haɗa ta da tsohuwar ya ɗora a ka, ina biye da shi da zannuwan, muka haye gadar babbar kwata har gidan. Tsohuwar aka karɓa aka shige da ita ciki. Sabuwar aka bari jingine a zaure kusa da takalma. Ya nemi ganin Hajiya aka ce tana barci, alhali ga muryarta muna ji tana ba da umarnin a jiƙa gero.

Ni fa na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba. Da muka dawo na ce, "Baban Zelia, riga ce kawai. Da ka ɗinka, su yi hotonsu ranar suna, bayan kwana biyu mu lallaɓa Mubarika ta canza. Za ka rasa uwa a kan yadi ɗaya da rabi?" Ya ce in ya ɗinka, hannunsa ne ya shaida katifar ta yi, kuma Mubarika ba ta da bakin cire abin da surukarta ta shimfiɗa. Gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Na ce to mu tura Zelia da farin kayanta ta yi bayani. Ya ce matar da ta yi wa Zelia wankan jarirai ba za ta zauna Zelia ta karantar da ita ba. Na zuba masa tuwo da miyar ayoyo da rana, ya ci loma biyu ya wanke hannu.

Sai na faɗi abin da ke cina tun jiya. Na ce, "Ta ce sha ɗaya. Ni da kai mun san sha biyu ne."

Akwai ɗan Zenabu, 'yar Hajiya ta biyu. Shekara goma sha tara ke nan. Yaro lafiyayye ɗan wata uku, aka ba shi nono da azahar, aka kwantar da shi rub da ciki kan wannan katifa, uwar ta fita shanya. Da ta dawo ba ya motsi. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka yi addu'a, aka rufe maganar, kuma tun daga ranar ba a ƙirga shi a gidan, wai don kada a tayar wa Zenabu da ciwo. Ni ce na riƙe ta a ranar, ban manta yadda jikinta ya saki a hannuna ba.

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Ni na yi rigan wancan lokacin," ya ce. "Tun ranan da Zelia ya yi maganan nan, shi nake tunani. Ban sani ba ko katifan ne. Ba wanda ya sani sai Allah. Amma kada ki kai wa Mma wannan, Abiba. Ba zan kayar da Mma da gawan jikansa ba." Shekara takwas yana ɗauke da wannan abu a gefena, ni ina yi masa dariyar zaman benci. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina.

Ranar Lahadi na je gidan, don ni ba a kore ni ba, kuma akwai aikin suna. An kai tsohuwar katifa Madina an yi mata shuɗiyar riga mai leshi, an shimfiɗa, an cike gefe da naɗaɗɗun zannuwa, matasai huɗu sun yi layi. Gado ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma babu kowa a ciki. Jaririn na kan cinyar Hajiya.

Mubarika ta raɗa mini cewa tun jiya da aka kawo katifar haka ake yi. Hajiya za ta kwantar da shi, ta tsaya a kansa, ta kai yatsa gaban hancinsa, ta je bakin ƙofa ta dawo, ta sake kai yatsa, sannan ta ɗauke shi. Bayan azahar na gani da idona. Tsohuwa mai kusan shekara tamanin, duk ta gaji, ta sunkuya ta ajiye shi. Ramin ya karɓe shi, gefen katifar ya taso har kusa da kuncinsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta sake ɗaga shi. Ta juyo muka haɗa ido. Bakina ya cika da magana, kuma wanda ya san ni ya san ba na iya riƙe magana, amma na tuna an hana ni, na haɗiye. Na ce, "Hajiya, kawo shi in riƙe miki, ki huta." Ta miƙo mini shi.

Litinin da hantsi, ana gobe suna, ina share gaban shago sai na hango Hajiya. Ta fi shekara uku ba ta haye zuwa Maamobi ba saboda ciwon gwiwa. Ga ta da sanda, Abdulmajeed na biye da ita da shuɗiyar katifa a hammata. Ta ce ya ajiye ya je ya jira ta a bakin titi. Baban Zelia ya kashe keke ya jawo mata kujera, zai durƙusa ta ce ya zauna.

Ta daɗe tana shafa leshin. Sannan ta ce, "Sha biyu ne, Seidu."

"Na sani, Mma."

"Ka sani, kuma ba ka faɗa ba ranar da na ci mutuncinka a gaban mata."

Ya sunkuyar da kai.

"To faɗa mini yanzu, tsakaninka da Allah. Ita ce?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu na kasa motsi. Ya ce, "Mma, wallahi ban sani ba. Likita ma ba zai iya rantsuwa ba. Lokacin ba mu sani ba, ni da ke da Alhaji duka, kowa haka yake yi. Da Alhaji ya ji abin da na ji, shi zai fara yaga shi, kin san halinsa. Wancan ya wuce, Allah ya sa mai ceto ne. Na yanzu ne ke hannunmu."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ba ni almakashi." Da hannunta ta huda rigar Madina ta ja har ƙasa, sannan ta huda ta ciki wadda Alhaji ya ɗinka. Audugar ta fito a dunƙule, ta yi ruwan ƙasa. Ta ce ba za a zubar ba. Ya ce wa ya isa ya zubar, in aka shanya ta aka buge ta za ta tashi. Ta ce to ya yi mata ƙananan matasai, kowane jika ya samu nasa, tunda ƙaraminsu ma ya shekara tara.

"Na angona fa?" ta ce, tana nufin jaririn.

"Sai ya shekara biyu, Mma."

"Kai dai ba ka da kunya," ta ce, ta yi 'yar dariya. Da ta kai bakin ƙofa ta faɗa, ba tare da ta waiwayo ba, cewa raguna biyu ne gobe, kuma ba ta yarda da wuƙar kowa wajen fiɗa ba sai tasa.

Ranar suna gado ya fito ba ado. Katifa, farin zane, gidan sauro, da yaro kwance rigingine cikin 'yar rigarsa. Wata ƙawar Hajiya daga New Town ta leƙa ta ce, "Ei, Hajiya, gidan mai katifa guda, ko filo ɗaya babu?" Hajiya ta ce, "Mu da muka san katifa ne muka cire. Ke ma je ki cire na jikarki." Matar ta taɓe baki, amma bayan mako guda ta aiko a kira mata ni da tef. Yanzu Iddrisu ƙarami ya haura wata goma, yana kama katako ya miƙe yana wa mutane ihu. Sau biyu aka sauke masa gado, kuma duka biyun Hajiya ce ta aiko da tuni tun kafin Juma'a ta zo.

Matasan sun ɗauki mako uku, don damina ce, kullum muna shanya auduga a kan kwano muna kwashewa. Da ya gama na ƙirga na ga sha biyu, ban da audugar jaririn da ya ƙulle daban a jaka. Ban tambaye shi ba. Muka kai su wata Juma'a da yamma. Hajiya ta jera su kan tabarma tana ƙirgawa da yatsa, ta kai na ƙarshe ta tsaya, ta dube shi. Sannan ta ɗaga murya ta kira Zenabu daga madafa.

Zenabu ta fito tana goge hannu da zane. Hajiya ta miƙa mata guda uku na 'ya'yanta, ta ƙara mata ɗaya a sama.

"Mma, nawa uku ne."

"Huɗu kika haifa," Hajiya ta ce. "Wannan na Issah ne."

Shekara goma sha tara ban ji an kira sunan nan a gidan ba. Zenabu ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ajiye ukun a gefe, ta rungume na huɗun a ƙirji. Can ta ce, "Na ɗauka kun manta da shi."